Barka da Sallah daga Tarabulus

Tarabulus, Libiya
Daren 10 ga Zulhajji

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina yi miki barka da Sallah, tare da fatan kin yi Idi lafiya, ke da dukkan mutanen gida. Allah ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya maimaita mana ta baɗi muna masu rai da lafiya. Na san Auta ne zai karanta miki wannan takarda daga wayarsa, saboda haka ina roƙonsa ya karanta ta a tsanake, kada ya tsallake ko layi ɗaya, har da wurin da maganar ta shafe shi.

Mun sauko daga Idi tun hantsi bai ɗaga ba, domin mutanen nan suna yin sallarsu da sassafe ƙwarai, kuma babu hawa ko kiɗan da zai riƙe mutum a fili. Daga masallaci ni da abokin zamana, wani Bazabarme mutumin Doso, muka ɗauki wuƙaƙenmu muka shiga bin gidaje, saboda masu gida da yawa a nan sukan yanka ragonsu da hannunsu amma su nemi wanda zai yi musu fiɗa. Raguna shida muka feɗe kafin azahar. Duk sanda na tsaga fatar ƙafar baya na sa baki na hura har ragon ya kumbura, sai in ji kamar Baba yana tsaye a kaina yana cewa in ajiye wuƙa in bi da dunƙulen hannu, kada in huda fatar da za a yi sadaka da ita. Wani dattijo da ya ga fatarsa ta fita babu huda ko ɗaya ya ƙara mana dinari a kan abin da muka shirya, ya kuma ba mu cinya guda. Matansu suna yanyanka nama siri-siri, su barbaɗa masa gishiri da yaji su shanya a igiya. Gaddid suke kiransa, kuma ya ɗan yi kama da kilishi, sai dai bai kai shi ba, ko kuwa kewar gida ce ta hana ni jin daɗinsa. Da yamma na zauna a bakin ɗaki ina lissafa abin da ake yi a gida a daidai lokacin: an jingina raguna a jikin itace sun kewaye wuta a ƙofar gida, hayaƙi ya rufe unguwa, ke kuma kina tsakar gida kina suyar kayan ciki, jikoki sun yi miki zobe kowa da ɗan kwanonsa. Wannan ce Babbar Sallah ta biyar da na yi ba a gabanki ba.

Akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki, kuma yau nake so in sauke ta. Bara, da ban aiko da kuɗin rago ba, na ce miki hanyar aike ce ta toshe, alhali ba haka ba ne. Wani ɗan kwangila ne da muka yi wa aikin gini na wata biyar ya riƙa yi mana yau-da-gobe har ginin ya kai rufi, sannan muka wayi gari ya kashe waya ya ɓace. Baƙon da takardunsa ba su cika ba ba ya kai ƙara a ƙasar nan, domin yana iya shiga ofis yana mai ƙara ya kwana a can yana tsararre. Sai na koma tsayuwar bakin titi, inda kowa yake ajiye kayan aikinsa a gabansa don a san sana'arsa, mai fenti da burushinsa, mai fasa kankare da gudumarsa, mota ta tsaya mutum ashirin su rufe ta a ɗauki biyu. Bayan wata uku ne Gwaggo ta yi suɓutar baki a waya, ta gaya mini cewa tunkiyarki kika sayar kika shiga haɗakar sa ta mutum bakwai, kuma duk wanda ya shigo barka da Sallah kika ce masa wancan yaron ne ya aiko. Kin gane halin da nake ciki tun daga muryata, kika rufa mini asiri, kuma har yau ba ki tambaye ni ba.

A cikin waɗancan watanni na zaman jira ne wani Badamagare ya ara mini tsohon littafi wanda bangonsa ya yage, wato Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka fara bugawa a 1934, lokacin yana matashin malamin makaranta a Bauchi, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Mun karanta shi a sakandare saboda jarrabawa, kuma abin da na riƙe a wancan lokaci bai wuce sunayen garuruwa ba. Bari in ba ki labarin a taƙaice, tun da na san kina son labari idan an gama aikin dare. An sace wani yaro daga Kagara a zamanin cinikin bayi, ya faɗa hannu zuwa hannu har ya isa Kano, daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa kuwa ta bar ɗakinta ta fita nemansa da ƙafarta, aka yaudare ta a Kano, aka ƙetara da ita hamada zuwa Murzuk, ta faɗa cikin bauta, daga can aka kai ta Tarabulus. A nan ɗan ya same ta bayan shekaru masu yawa, jikinta ya riga ya ƙare, kuma ba su daɗe da ganin juna ba ta rasu. Inna, Murzuk ɗin nan gari ne na gaske a kudancin ƙasar nan, ba shi da nisa sosai da hanyar da muka bi daga Gatrun zuwa Sabha, Tarabulus kuwa ga ni a cikinta. Ranar da na kai wannan wuri a littafin, na rufe shi na fita waje na daɗe ina kallon titi.

Sunan ɗan ne a bangon littafin, kuma shi ne ɗalibai suka kewaye yana ba su labari, amma a ganina uwar ce ta ɗauki kaya mafi nauyi. Shi ɗaukarsa aka yi yana ƙarami, bai zaɓi tafiyar ba, kuma Allah ya haɗa shi da mai tausayi. Ita kuwa da hankalinta ta san abin da ke kan hanya ta fita. Ko a huɗubar yau liman ya yi dogon bayani a kan biyayyar Annabi Ibrahim da ta ɗansa Isma'ila, kamar yadda ya dace da ranar, ni kuma sai zuciyata ta tafi ga alhazan da a cikin waɗannan kwanaki suke kai da komowa sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, suna bin sawun Nana Hajara lokacin da take neman ruwan da za ta ba jaririnta.

Mun taso muna jin cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma na daɗe ina ɗaukar karin maganar a matsayin umarnin a zauna a yi shiru. Sai yanzu na lura cewa ba a faɗi wanda yake ɗebo itacen ba, alhali dutse ba ya dahuwa sai an yi ta iza wuta dare da rana. Kin tuna damanar 2020, da gulbi ya cika ya shafe fadama tun daga wajen Argungu har ya gangara Birnin Kebbi, shinkafa ta riga ta fitar da kai, saura kaɗan a sa lauje. Baba ya tsaya a kan tudu da safe yana kallon ruwa inda gonarmu take, ba a ganin komai sai kan wata bishiyar giginya, ya yi salati ya juyo gida, kuma tun daga ranar bai ƙara cikakkiyar lafiya ba. Ga bashin taki da na iri yana jiranmu. Ke kuwa kwana uku bayan haka kika karɓo buhun shanshera bashi, kika ɗora tukunya kika turara, kika shanya a kan tabarma kina korar kaji, aka kai inji, kika riƙa aunarwa mudu-mudu. Ribar buhu ɗaya ta sayo na biyu. Da wannan tukunya aka ci tuwo a gidanmu har rani ya fita, da ita aka yi jinyar Baba, kuma ban taɓa jin kin kira abin da kike yi da sunan haƙuri ba, aiki kawai kike cewa.

Na kuma tuna makahon nan da yakan tsaya a ƙofar gida ranar Juma'a yana rera Imfiraji, ki aiko ni da tsaba in zuba masa a jaka. Baba ya taɓa gaya mana cewa ma'anar kalmar ita ce yayewar ƙunci, kuma mai waƙar, Malam Aliyu Namangi na Zariya, shi ma makaho ne tun yana ƙarami, a ka yake tsara baitocinsa wasu su rubuta. A lokacin muryar kawai nake bi. Yanzu idan na kunna ta a waya bayan sallar isha'i, sai ɗakin ya yi tsit, har Bazabarmen da ba ya jin Hausar waƙa sosai yakan daina abin da yake yi.

Yanzu kuma ga taka, Auta. Na sami labarin cewa kana tara kuɗin mota a ɓoye, kuma abokanka biyu sun riga sun kama hanyar Agadas. Na san dalilin da ya sa maganar ta sake zafi a wurinku: tun da gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, a watan Nuwamba na 2023, motocin da suke bi ta ɓoye sun dawo suna lodi a fili. Soke doka bai rage wa hamada faɗi ba. Ni na hau bayan Hilux ɗin nan, mu fiye da ashirin, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya jefar da shi, ga jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Tsakanin Dirku da Madama mun wuce wata mota da ta lalace, babu kowa a cikinta sai takalma a warwatse a kan rairayi, direbanmu bai ko rage gudu ba, kuma babu wanda ya ce uffan har dare. Hotunan da nake aiko muku a gaban manyan shaguna, ranar hutu nake ɗaukarsu da rigar da na adana don haka, laifina ne da na bar ka ka ɗauka haka rayuwar take.

Ba na cewa gajiyar da ka yi da zaman gida ƙarya ce. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda Baba ya kai mu ziyarar hubbarensa muna yara, shi ma ya taɓa gajiya. Ya ga hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya ga asarar malamai da mahaddata a Tsuntsuwa, ya ga ta Alwasa a 1805, nan kusa da mu, kuma da ya ga zukatan mutane sun fara karkata ga dukiya da sarauta sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba. Shi da kansa ya rubuta wannan a Tazyinul Waraƙati, littafin da ke cikin akwatin Baba. Bai wuce Kano ba, mutanen garin suka riƙe shi ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya juyo ya koma ga jama'arsa, ya ƙare rayuwarsa a Gwandu yana karantarwa da rubutu. Na daɗe ina jin kunyar dawowa hannu bai cika ba, sai na tuna cewa mutum irin wannan ya kama hanya ya juyo, kuma ba a rage masa daraja ba. Saboda haka na yanke shawara, idan Allah ya yarda, in kammala aikin da ke hannuna a gidan burodin da na samu yanzu, inda ake biyanmu duk ƙarshen mako, in taho kafin azumi mai zuwa. Ka jira ni. Injin ban-ruwa guda da ƙarfin mutum biyu ya isa mu riƙe fadamar Baba a noman rani, ka kuma ƙarasa karatunka.

Inna, kuɗin da na aiko ta hannun ɗan canji a makon jiya, bayan na rago, a mayar miki da tunkiyarki tukuna, kuma ina roƙon kada ki ce a bari. Abin da ya saura a sayi taki buhu biyu, a biya kuɗin makarantar yara, a gyara kwanon ɗakinki da Gwaggo ta ce yana yoyo ta wajen gado, tun da damana ta kankama.

Ki gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, ki ce mata ban yi fushi da suɓutar bakinta ba. Ki gaishe da liman da maƙwabta gaba ɗaya. Maiɗakina kuma na gode mata da zaman da take yi da ke, zan kira ta gobe idan layi ya yi kyau. 'Yar ƙaramar da aka haifa bayan tafiyata, wadda har yau ban ɗauke ta a hannuna ba, an ce tana gaya wa ƙawayenta cewa babanta yana cikin waya. A yi mata lalle, a ɗauko mini hotonta da kayan Sallah. Auta kuma ya buɗe akwatin littattafan Baba ranar da aka sami rana, ya shanya su ya duba ko gara ta shiga, ya ɗora akwatin a kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam. Ni ne ɗanki na fari, wancan yaron.