A fito da tsofaffin hotunan badalar Kano

Edita, ka ba ni ɗan fili.

Ɗana mai karatun kwamfuta ya zagaya turmin gidanmu yana ɗaukar hoto ta kowane gefe. Manhaja ta gano wuraren da suka yi daidai a hotunan, ta haɗe su, sai ga turmin a allo ana jujjuya shi, har tsagewar bakinsa ana gani. Da irin wannan dabara aka sake gina siffar kayan tarihin da aka farfasa a birnin Mosul na ƙasar Iraƙi a 2015, daga hotunan masu yawon buɗe ido.

Nan take badalar Kano ta faɗo mini a rai, kowace damina ruwa na cinta. Don Allah masu tsofaffin hotunanta su fito da su, ɗalibanmu su haɗa mana.

Mai karatu, daga Kano