Kowa ya mai jiki, babu mai cewa ya mai jinya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina, wata uku kenan ina son rubutowa sai yau na samu natsuwa.

Yarona yana da sati bakwai a duniya zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama, ƙirji na lotsawa. Nas ta ƙirga numfashin ta ce ya haura 60 a minti ɗaya, kuma wai jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38 ba a jiran gari ya waye. Ashe nimoniya ce. Kwana tara muka yi an ba mu gado, ga robar oksijin a hanci, aka nemi jijiya a hannu aka rasa sai a ƙafa, ni na danne shi ana soka allurar yana tsala kuka yana kallona. Wallahi har yau in na rufe ido kallon nan nake gani.

'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu da alheri, kowa ya mai jiki, ya mai jiki. Ko mutum ɗaya bai ce min ke kin runtsa kuwa ba. Jariri ko lafiyarsa lau sai ya sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, to ina ga mara lafiya, baccina bai wuce gyangyaɗi a kujera ba, da na farka sai in kai hannu ƙirjinsa in ji yana motsi kuwa. Can sai nonon ma ya fara ƙin zuwa, aka ce tashin hankali ke hana shi saukowa, to kun ji, ga wani sabon laifin nawa kuma.

Don ganin laifin kai ɗin nan shi ya fi komai cina. Wata ta ce ai da kin kawo shi da wuri, ta faɗa ta ɗau jakarta ta tafi, ni kuwa sati na yi ina juya maganar a raina.

Abin mamaki sai da aka sallame mu yaro ya warware sannan ni na zube. Kuka ba dalili, abinci ba ya shiga, maigida ya yi magana in hau shi da faɗa. Akwai daren da yaron ya kusa awa uku yana kuka na ji kamar in jijjiga shi ya yi shiru, na tsorata da kaina sosai amma wa zan gaya wa, cewa za a yi ba ni da haƙuri ko ba ni da tawakkali. Ranar da muka koma ganin likita ita ce ta kalle ni ta ce ke fa, ya kike? Kawai sai hawaye. Ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana da magani, in ƙuncin ya wuce sati biyu ba a zama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan mata 13 cikin 100 da suka haihu na fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa ya kusa 20. Ta kuma ja kunnena cewa jijjiga jariri na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, in na ji na kai maƙura in kwantar da shi rigingine a inda ba zai faɗo ba in fita in sha iska na 'yan mintuna, kukan ba zai kashe shi ba.

Shi ma baban kar a manta da shi. Rannan a asibitin na same shi a bayan ɗaki yana share hawaye, da ya gan ni wai ƙura ce ta shigar masa ido.

Roƙona dai, in kun je dubiya ku karɓi yaron ko na awa biyu ne uwar ta kwanta, ku kuma riƙe "ai da kin" ɗinku. Likitoci da nas-nas, tambaya ɗaya ce ta cece ni.

Yaron yanzu watansa biyar, har ƙyalƙyala dariya yake. Ni dai ina ganin likita, da sauƙi, amma har yanzu ƙarfe ukun dare nakan tashi in ƙirga numfashinsa.

Taku mai karatu a kullum,
Wata uwa