Zuwa ga abokan cinikinmu: za mu tashi daga shagon

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun ga ya dace ku ji daga bakinmu kafin wani ya zo ya tarar da ƙofa a garƙame. Ƙarshen watan gobe za mu tashi daga shagon da muka shafe shekara 22 muna yanka muku makulli da gyaran kwaɗo a cikinsa. Ginin ya koma hannun sabon mai shi, wa'adin hayarmu ya cika, kuɗin da aka yanka mana kuwa ko kwana za mu riƙa yi muna aiki ba za mu iya biya ba. Ba mu yi rigima da kowa ba, an ba mu notis a kan lokaci.

Da yawanku kun tambaye mu yadda aka yi unguwar ta juye haka. Mu dai ta jikin makulli muka ga abin. Lokacin da muka buɗe, yawancin aikinmu na magidanta ne: a yanka wa yaro nasa saboda yana riga iyayensa dawowa, a ɗaura masa a zare ya rataya a wuya. Gidajen sun tsufa, masu su ba sa gyara, shi ya sa haya take da sauƙi. Wannan sauƙin ne ya jawo ɗalibai da masu zane da matasan ma'aikata, mutum huɗu su haɗu su kama gida ɗaya, a zo a yanka makulli huɗu. Gaskiya mun ji daɗin zuwansu, ciniki ya buɗe, ba mu kawo komai a ranmu ba.

Daga baya sai kiran waya ya canza salo. A ce mu zo mu sauya kwaɗunan bene guda, sama da ƙasa, a yini ɗaya. Duk ranar da muka ji haka mun san an sayar da ginin, mutanen ciki sun watse, masu fenti na hanya. Muna zuwa mu tarar da ɗakuna wayam, da alamar inda hotuna suka daɗe a bango. A irin wannan lokacin ne wata dattijuwa, tsohuwar abokiyar cinikinmu, ta shigo ta ɗora tarin makullanta a kan kantar shago. Na ce, "Mama, guda nawa za a yanka?" Ta ce ba yanka ta zo ba, in cire mata na ƙofar gida daga zoben, yatsunta sun kasa, kuma da yamma za ta miƙa wa wakilin mai gida. Haƙoran makullin duk sun cinye don daɗewa. Na cire, ta yi godiya, har tana tambayar nawa ne.

Yanzu kuwa abin da ake nema a wurinmu shi ne ƙananan akwatunan nan masu lamba da ake maƙalawa a bakin ƙofa, baƙo ya danna ya ɗauki makulli, ya kwana biyu ya wuce. Gidan da iyali suka rayu a ciki ya zama masauki. A birnin Barcelona na ƙasar Sifen abin ya kai a 2024 magajin garin ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000.

'Yata da ke karatun tsara birane ita ta nuna min cewa abin ba a kanmu farau ba. Tun 1964 wata masaniya, Ruth Glass, ta bayyana yadda masu hannu da shuni ke shiga unguwannin ma'aikata a Landan gida bayan gida, har sai an rasa mazauna na asali. A 1979 kuma wani masani, Neil Smith, ya ce tushen maganar shi ne tazarar da ke tsakanin hayar da gida ke kawowa a yau da wadda zai kawo in an gyara shi. Tazarar na faɗi, masu jari na shigowa. Da ta karanta min wannan sai na ce ai lissafin sabon mai gidanmu ke nan, ba ragi ba ƙari.

Ba za mu ce ba a ga alheri ba. An sa fitilun titi, an gyara magudanan ruwan da muka yi shekaru muna kuka a kansu, mace tana iya wucewa da dare hankali kwance. Wanda yake da takardar gidansa ya sayar ya ci riba. Abin da ke mana ciwo shi ne gyaran bai zo ba sai da waɗanda suka roƙe shi suka fara tattara kaya, ɗan haya kuma ko ya shekara 30 a wuri ba shi da kaso a darajar da wurin ya samu. Sababbin maƙwabta ba mu riƙe su da komai ba, wasunsu ma hayar wata unguwar ce ta koro su. San Francisco ta ƙasar Amurka ta buɗe rajistar tsofaffin sana'o'i a 2015, tana tallafa wa mai ginin da ya ba su haya ta dogon zango. Mu ba mu da irin wannan gatan.

Sana'a dai ba mu bari ba. Mun mayar da injinan cikin mota, duk inda kuke za mu zo mu same ku, lambar wayarmu ma tana nan yadda kuka san ta. Dattawan da suka koma bayan gari, ku kira mu kawai, ba za mu karɓi kuɗin zuwa ba. Wanda ya bar kwaɗo ko makulli a wurinmu, don Allah ya zo ya karɓa kafin mu kwashe. Akwai wata gwangwani cike da makullan da aka ba da yanka ba a dawo ba, wasu sun fi shekara 10, za mu ajiye ta a kan kantar shago har ranar ƙarshe.

Mun gode da amanar ƙofofinku da kuka ba mu.

Naku,
Mai shago da yaran aikinsa