Zuwa ga ɗiyata a Mansura, kan maganar gudun safe

Rafindaɗi, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Masar da kika ce ya fara shigowa? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Hunturu ya soma leƙowa, leɓe har ya fara tsagewa. Babanki ya kwaso ɗan geron da aka samu a gonar hanyar Kaita, ƙannenki duk suna gaishe ki. Na zauna na rubuta ne don a waya sai ki yi ta ce mini "to Mama, to Mama" idonki na kan agogo, ni kuwa ba na son maganar nan ta bi ta bayan kunne.

Hoton da kika sa a WhatsApp ranar Juma'a, kina tsaye a bakin Nilu da takalmin gudu, kafin la'asar ya gama zaga dangi. Gwaggonki har gida ta zo da shi. Wai an sayar da fili an tura yarinya karatun likita, ta je tana tsere a titi. Ban tanka mata a gaban yara ba. Da muka shiga ɗaki na tuna mata hadisin nan na cikin Abu Dawuda, da Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci jikinta ya yi nauyi suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ta ce ai ita da mijinta ta yi. Na ce haka ne, shi ya sa zan yi miki magana a kan wuri da lokaci da abokan tafiya, amma bakina ba zai ce ki daina ba. Babanki abu ɗaya ya ce: ki cire hoton. Ki cire, Mamana. Hijabinki ya sauka yadda ya kamata, ba abin da na gani na aibu, sai dai hoto in ya bar hannunki ba ki san gidan da zai kwana ba.

Abin da ya sa na tsaya miki, na ƙare ƙuruciyata a ɗakin haihuwa, na ga yadda aikin nan yake cin masu yinsa. Likita zai zo mana sabo fil, yana hawa bene da gudu. Ba a daɗe ba kwanan asibiti ya mai da abincin darensa lemon kwalba da biskit, tumbi ya fito, baya ya riƙe, mu da muke auna wa majinyata hawan jini mu koma muna auna masa a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Gobe ke za ki riƙa faɗa wa mutane wannan, kuma majinyaci yana lura da likitan da ke haki a kan matakala. Ban da haka, ban manta shekararki ta farko ba, lokacin da kusan kowane kira da kuka yake ƙarewa. Tun da kika fara fitar safen nan muryarki ta sake. Wannan ni na ji da kunnena, gwaggonki ba ta ji ba.

Yanzu ga abin da ya dame ni a gaskiya, kuma ba surutun dangi ba ne. Ran nan da muka yi kiran bidiyo na ga kin rame, cikin idonki ya yi fari. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kin kuma ce jiri na ɗibarki in kin daɗe tsaye a zagayen majinyata, kika ɗora wa jarrabawa. Ki lissafa da kanki: mace ce ke, kina zubar da jini duk wata, kina gudu kina zufa, abincinki gurasa da wake da koshari, kuma kin koyi al'adar mutanen Masar ta kurɓar baƙin shayi da an ɗauke kwano. Shayin nan yana hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Ki je a ɗibi jininki cikin makon nan. Kin fi ni sanin cewa mace mara ciki in haemoglobin ɗinta ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, amma ki ce a haɗa da ferritin, gwajin da ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, don sau da yawa na farkon yakan fito daidai alhali ajiyar ta ƙare. Kafin sakamako ya fito, ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Ki matsa lemon tsami a kan waken. Hantar da suke soyawa a ko'ina, ki ci sau ɗaya a mako daga wuri mai tsabta. Miyar mulukhiyyar da kika ce kina ƙyama, lalo ne fa, irin wanda kike sha da tuwon masara a nan.

Sai maganar da ba za ki so in yi ba. In al'adarki ta fara tsallake, ko ta ɗauke wata uku, kada ki ce kin huta. Jiki ne ke gaya miki abin da kike ci bai kai abin da kike ƙonawa ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin. Daga nan ne 'yan mata masu gudu suke samun tsagewar ƙashin ƙwauri ba tare da sun faɗi ba. Babu kunya tsakanina da ke a wannan, ki gaya mini, ki kuma ga likitar mata. Da asuba kafin ki sauko daga gado ki riƙa ƙirga bugun jijiyarki na minti ɗaya. Mai gudu yakan sauka hamsin da wani abu, ba komai. In kin ga ya ɗaga da kamar goma a kan yadda ya saba kwana biyu a jere, ranar ki ajiye takalmin.

Barci kuma ba a cin bashinsa. Ba zai yiwu ki kai biyun dare kan littafi, ki tashi asuba, ki fita gudu, sannan ki zauna a lacca ƙarfe takwas ki ce wani abu zai zauna a kai ba. Kwana uku ko huɗu a mako sun ishe ki. Daren da kika yi dogon karatu, washegari babu fita.

Kada ki sake fita ke kaɗai, ko da gari ya waye. Ki tafi da 'yan ɗakinku, kuma filin wasan jami'a ya fi mini titin bakin kogi, inda masu tuktuk da ƙananan bas ba sa kallon mai ƙafa. Abin jin nan da kike toshe kunne da shi, kunne ɗaya kawai. Kwafin iƙamarki da na fasfo su zauna a aljihu. Wannan lokacin ne kuma manoman yankinku suke ƙona bambaron shinkafa, daga Oktoba zuwa Nuwamba, hayaƙi ya lulluɓe gari. Safiyar da kika ji ƙaurinsa a hanci, ki yi motsa jikinki a ɗaki. Haka za ki yi in iskar khamsin ta taso da ƙurarta tsakanin Maris da Mayu. Da zafi ya kama, ko bayan asuba ko babu.

In kin yi zufa ƙafa ta ɗauki zafi, kada ruwan magudanan gona ya ba ki sha'awa. A Alƙahira ne Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a 1851, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. An yi yaƙi da ita sosai a Masar, amma ni ban yarda da ruwan da ke kwance ba ko a ina yake. Na ga yaran ƙauyukan bakin dam a nan suna fitsarin jini, iyayensu na ɗauka alamar balaga ce, sai an girma mafitsara ta lalace. Cibiyar ƙoda da mafitsara da Farfesa Muhammad Ghoneim ya kafa a 1983 tana nan kusa da ku, kuma a Mansura ya yi dashen ƙoda na farko a Masar a 1976. Mutane daga ƙasashe suke zuwa koyo a wurin. In an ba ɗalibai dama, ko tsayuwa a bayan ɗaki ce, ki je.

Tseren kilomita 21 da kika ce ana shiryawa, bana dai a'a. Kuɗin rajista, kuɗin mota zuwa Alƙahira, kwana, ga takalmi da masana suka ce yana gajiya in ya ci kilomita 500 zuwa 800. Tun da aka saki naira a 2023 kin san yadda Babanki yake haɗa dalar makarantarki, ba sai na faɗa ba. In jininki ya dawo daidai, jarrabawa ta yi kyau, baɗi ni zan biya daga adashena. Azumi kuma yana tafe cikin sauran sanyi, wannan sauƙi ne. Ki mai da shi sassarfa ta rabin awa dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi in akwai abokan tafiya.

A karatun kansa ba ni da abin koya miki, sai abin da littafinku ba zai faɗa ba. Turanci ake koya muku da shi, amma tsohuwar da ke kwance a gado da Larabcin kasuwa za ta gaya miki inda ke mata ciwo, kuma ba shi ne na Islamiyyar da kika yi ba. Ki zauna da ma'aikatan jinya, ki gaishe su, ki riƙe musu tire. Su za su koya miki harshen, su kuma koya miki neman jijiya a hannun yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa. Ki tabbata kin cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku kafin ki fara taɓa allura, in kuwa allura ta soke ki, a take za ki faɗa, ba gobe ba.

Ki tuna kuma cututtukan can ba su ne na nan ba. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar kawar da zazzaɓin cizon sauro, mu kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Za ki iya gamawa ba ki taɓa ganin yaro yana suma da zazzaɓi ba, alhali jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, tana jiran duk wanda ya karanto a waje kafin a bar shi ya yi shekarar koyon aiki. Don haka hutun da za ki zo ba na kwanciya ba ne. Zan roƙi tsoffin abokan aikina ki riƙa bin su, ki ga mace mai jijjigar ciki da yadda ake ba ta allurar magnesium sulphate, ki ga mai sikila cikin ciwo, ki ga yaro mai tamowa. Zan kai ki Babbar Ruga, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana gyaran masu yoyon fitsari, ki zauna da matan ki ji kwana nawa suka yi suna naƙuda a gida. Kuma ki sani jikinki ya fara manta sauro. In kin zo da damina cikin gidan sauro za ki kwana, zazzaɓi kaɗan sai gwaji.

Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan ba ta kilishi, yajin daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya da garin zogale. Zogalen ki riƙa barbaɗawa a miya bayan kin sauke. Ki raba kilishin da 'yan ɗakinku, ki gaishe mini da su. Tunda an mai da agogonku baya, tazararmu ta dawo awa ɗaya, ki kira Babanki bayan isha'inmu, ya fi sakewa a lokacin. Gwaggonki ma ki kira ta ki gaishe ta, kada ki ɗauko maganar hoto. Takardar gwajin jinin kuma hotonta nake so in gani da idona, ba "lafiya lau ne Mama" ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki, Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Mahaifiyarki.