Zuwa ga Aminu, a kan maganin Kaka

Tudun Wada, Kaduna.

Ɗana Aminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Zariya lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Jikin Kaka da sauƙi, sai rawar hannun nan da ke hana shi riƙe kofin shayi da safe.

Ranar da na raka ka tashar Kawo, da na dawo zan ba Kaka maganin dare, sai na tarar babu ƙwaya shida a katin pramipexole, maganin da yake sha saboda ciwon Fakinsan, wato ciwon da ke sa masa rawar hannun. Sau uku na ƙirga. Ban ce kai ka ɗauka ba, amma Hadiza ta ji ka a zaure kana gaya wa abokinka cewa maganin yana taɓa wurin jin daɗi a ƙwaƙwalwa, kuma tun daga daren ban yi barcin kirki ba.

Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma rabinta ka riƙe. A ciwon Fakinsan, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, sinadarin da ke da hannu a motsin jiki da jin daɗi, su ne suke mutuwa, shi kuma maganin ya je ya zauna a mazaunin dofamin ɗin ya riƙa yin aikinsa. Hodar iblis tana sa sinadarin ya taru a lokaci guda, shi ya sa ake buguwa da ita. Maganin Kaka kuwa, mai lafiya in ya sha, yawanci tashin zuciya da jiri da barci mai nauyi zai samu. Ba buguwar nake tsoro ba. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne yadda yake kwance linzamin sha'awa sannu a hankali, har wasu su faɗa caca ko saye-saye ko neman mata, alhali suna ganin kansu garau. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga dattijon da bai taɓa kusantar caca ba, ya fara irin wannan magani, kafin iyalinsa su farga ya sayar da babur ɗinsa da keken ɗinkin matarsa, sai da likita ya janye maganin ya dawo hayyacinsa.

Ka san abin da caca ta yi wa Baffanka, ka kuma san inda filin Rigasa ya tafi. Na ga manhajar cacar ƙwallo a wayarka da hutun nan, na yi shiru don kada in kunyata ka gaban ƙannenka. Yanzu ina ganin shirun kuskure ne. Shekara biyu kacal ka yi kana karatun haɗa magunguna, har ka kai matsayin gwada maganin kakanka a jikinka? Yaran unguwar nan ma cewa suke yi kodin maganin tari ne kawai, har gwamnati ta hana shi a 2018, wasunsu kuwa sai da aka kwantar da su a asibitin masu taɓin hankali na Barnawa.

Idan na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini; ƙirga ƙwaya aikina ne tun kafin a haife ka, ba don kai na fara ba. Idan kuwa kai ne, kada ka ƙara shan ko ɗaya, ka kira ni bayan sallar isha'i ka gaya mini nawa ka sha. Mahaifiyarka ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Kuɗin littattafanka na tura tun jiya. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.