Fita da ɗalibai waje ba a yin sa da ka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya raina ya ɓaci da shirinku na ranar nan. Baƙon da kuka kawo sai cewa yake wai kowace makaranta ta kwashi yara ta fita da su fili ko bakin ruwa su ga tsirrai da ƙwari da idonsu, ba sai an tsaya wani dogon shiri ba, shi kuma mai gabatarwa yana ta haka ne, haka ne. Haba jama'a! Ko sau ɗaya bai tambaye shi wa zai kula da yaran ba.

Ni fa ina son karatu a waje. A Taiwan tun 2010 ake ƙarfafa makarantu su fitar da yara minti 120 kullum saboda matsalar rashin gani daga nesa, kuma an ga amfaninsa. Amma ɗana yana da asma, makarantarsu ta taɓa fita da su, malami ɗaya da aji guda, ba takardar neman izini, ba wanda ya tambaye ni ko yaron yana da wata lalura, abin shaƙarsa kuma yana cikin jaka a aji. Suna cikin tafiya a ƙura numfashi ya sarƙe, malamin ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki wannan ya bar sauran ne ko ya tsaya da su? Ƙarshe wani ɗalibi aka tura da gudu ya ɗauko maganin, yaron yana durƙushe yana jan iska ƙirjinsa na ƙara kamar usur. Wallahi har yau in na tuna jikina rawa yake. Malamin ban ga laifinsa ba, waɗanda suka tura shi shi kaɗai su ne masu laifi.

A Ingila sai da ɗalibai 4 suka mutu a teku a Lyme Bay a 1993 wajen tuƙa ƙananan kwale-kwale, sannan aka yi dokar da ta tilasta wa cibiyoyin da ke fita da yara irin waɗannan wasanni samun lasisi a 1995. Sai mun jira irin wannan? Me zai hana baƙon naku ya ce malami ya fara zuwa ya duba wurin tukuna, a tafi da manya aƙalla biyu da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa, a ƙirga yara wajen fita da wajen dawowa, in an ji tsawa a shiga gini a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. A fara da harabar makaranta ma ya isa, malamai su saba tukuna kafin a yi nisa.

Sannan don Allah ku gyara lambar wayar nan taku, mutum ya yi ta kira ba a ɗauka, in an ɗauka kuma kafin ka gama sallama an katse an sa talla. Da na samu shiga ranar da a kunnen baƙon nan zan faɗa masa wannan. Ku dawo da shi, ku haɗa shi da ma'aikaciyar jinya, a sake shirin.

Wassalam,
Wata uwa mai sauraronku