A Kai Gargaɗin Ambaliya Kunnen Manomin Fadama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan gargaɗin ambaliya da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar, har da Jihar Kebbi a ciki. Ba mu ɗauke shi da wasa ba, domin ba mu manta yadda ruwa ya cinye gonakin shinkafa a 2020 ba.

Sai dai sanarwar Turanci a intanet, mai cewa "Kebbi" kawai, me za ta tsinana wa manomin fadamar Argungu? Shi so yake ya san ranar da za a saki ruwan madatsar Goronyo da ke Jihar Sakkwato, wanda ke gangarowa fadamarmu, ya kwashe injin ban-ruwa da takinsa.

Shawarata, a riƙa fitar da sanarwar da Hausa, a ambaci gundumomi, a yaɗa ta rediyo da bakin hakimai da limaman Juma'a.

Naku,
Wani manomi, Argungu